Fada Joseph Kenny: Limamin Katolikan da Ya Karanta Littattafan Zaurenmu

(Taken shiri, sannan a sassauta kiɗa)

 Wannan shi ne shirinmu na faɗakarwa, wanda ke zuwa muku daga nan Gwadangaji.   Musulminmu da Kiristanmu, kowa ya matso kusa da akwatin rediyonsa, domin zancen yau ya shafi kowa.

Yau tarihin wani malami za mu kawo muku. Ba'amurke ne, Fada ne a ɗarikar Katolika, sunansa Joseph Kenny. Ya zo ƙasar nan a 1964 yana ɗan shekara 28, ya fara aiki a yankin Sakkwato, ya koyi Hausa, ya koyi Larabci, har ya yi digirin digirgir a kan tauhidin Shehu Sanusi, mai littafin Ummul Barahin da ake karantawa a zaurukan malamanmu. Ya rasu a 2013 yana nan a kan addininsa na Kirista. Abin da muke so mu duba shi ne, me ya kai limamin coci ga wannan karatu, wace hanya ya bi, kuma mu me za mu tsinta a ciki.

Malamanmu suna kiran irin waɗannan mutane mustashriƙai, wato Turawan da suka duƙufa ga nazarin harsuna da addinai da tarihin ƙasashen Gabas. Sunan ba shi da farin jini a wurinmu, kuma da dalili. Wasunsu sun yi wa mulkin mallaka hidima, wasu sun rubuta son zuciya suka kira shi bincike. Wani malami Bafalasɗine, Edward Said, wanda shi kansa daga gidan Kirista ya fito, ya rubuta littafi guda a 1978 yana tona wannan hali. Mu mutanen ƙasar Gwandu kuwa mun daɗe da ganin irinsu. A 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Gwandu cikin tafiyar da gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyinta. Aka ara masa littafin Tarikhus Sudan, ya zauna ya kwafi abin da ya iya kwafa, sannan ya biyo ta Birnin Kebbi ya nufi Tambutu. Daga abin da ya kwafa a Gwandu Turai ta sami tarihin daular Songhai. To amma duk taron da ya tara mutane, ya tara na kirki da na banza. Sai an dubi aikin kowa kafin a yanke masa hukunci.

Fada Kenny ɗan wata ƙungiya ce ta cikin Katolika da ake kira Dominikan, masu fararen riguna. Wani mutumin Sifaniya mai suna Dominik ya kafa ta, Fafaroma ya amince da ita a 1216. 'Yan wannan ƙungiya ba sa aure, ba sa tara dukiyar kansu, kuma sun ɗauki karatu wani reshe ne na ibada. Babban malaminsu shi ne Tomas Akwinas, wanda ya rasu a 1274. Shi Akwinas ya karanta Ibn Sina da Ibn Rushd da Gazali cikin fassarar Latin, yana ambatonsu a littattafansa, nan ya yarda da su, can ya yi musu raddi. Tun a wancan ƙarni 'yan Dominikan suka buɗe ajujuwan koyon Larabci a Tunis da Sifaniya, kuma ba a ɓoye take ba, manufarsu a lokacin ita ce wa'azi da jayayya da Musulmi. Sai da aka yi ƙarnoni kafin wannan karatu ya sauya fuska.

Mutumin da ya fi kowa sauya masa fuska wani Bafaranshe ne, Fada Marie-Joseph Lagrange, masanin Littafi Mai Tsarki. An haife shi a 1855. Lauya ya fara karanta, daga baya ya shiga Dominikan, aka tura shi birnin Biyena ya ƙaro harsunan Gabas. A watan Nuwamba na 1890 ya buɗe makarantar nazarin Littafi Mai Tsarki a birnin Ƙudus, cikin wani gini da a da mayanka ce. Bayan shekara 2 ya kafa mujallar bincike wadda har yau tana fitowa.

Me ya sa sai Ƙudus? Ku lura, jama'a, Littafi Mai Tsarki ba da harshe ɗaya ya zo ba. Yawancin Tsohon Alkawari da Ibrananci aka rubuta shi, da ɗan wani sashe na littattafan Daniyel da Ezra cikin harshen Aramaik. Sabon Alkawari kuma da Girkanci. Amma ƙarnoni da yawa Cocin Katolika da fassarar Latin take aiki. Lagrange ya ce mai son ya fassara nassi dole ya koma ga harshen da aka rubuta shi, ya kuma san ƙasar da abin ya faru, duwatsunta da rijiyoyinta da al'adun mutanenta. Saboda haka ɗalibansa ba a aji kaɗai suke zama ba. Sukan hau dawaki da raƙuma su shiga hamadar Sinai da Petra, suna auna kufai, suna kwafar rubutun da ke jikin duwatsu. Biyu daga cikinsu, Jaussen da Savignac, sun kai har Mada'in Saleh, ƙasar Samudawa, tsakanin 1907 da 1910. Shi Jaussen ya zauna da Larabawan ƙauye na gabashin Kogin Urdun, ya rubuta littafi kan aurensu da shari'arsu da karɓar baƙinsu, don ya gane irin zaman da su Annabi Ibrahim suka yi cikin tantuna.

Kada ku ɗauka an yi masa guɗa. Manyan cocinsa da dama sun tsorata da wannan hanya, suna ganin tana iya girgiza imanin jama'a. Aka hana a buga sharhinsa na littafin Farawa. A 1912 wani ofishi a Roma ya yi kashedi a kan wasu rubuce-rubucensa, har ya bar Ƙudus ya koma Faransa. Bai yi tawaye ba, bai kuma ajiye alƙalami ba. Aka mayar da shi Ƙudus a 1913, ya ci gaba da sharhin Linjila huɗu, ya kammala da ta Yahaya a 1925. Ya rasu a 1938. Bayan shekara 5 da rasuwarsa, a 1943, Fafaroma Pius na 12 ya fitar da wasiƙa yana umartar malaman Katolika su koma ga harsunan asali, su kuma yi amfani da tarihi da binciken kufai. Ashe abin da aka tsangwame shi a kai shi ne ya zama doka. Mahaƙurci mawadaci.

Daga wannan makaranta aka sami Roland de Vaux, wanda ya jagoranci haƙa a Ƙumran daga 1951 zuwa 1956, inda aka tsinci tsofaffin takardun nan na bakin Tekun Gishiri. Daga ita kuma reshe ya tsiro a Alƙahira, cibiyar nazarin ilimin Musulunci da aka kafa a 1953 ƙarƙashin Fada Georges Anawati, Bamisire masanin Ibn Sina. Ƙa'idar ba ta sauya ba: koyi harshen, je ka ga ƙasar, karanta littafin da idonka.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, tarihin Fada Joseph Kenny muke kawo muku, kuma yanzu za mu dawo gida.

'Yan Dominikan na birnin Shikago sun sauka Legas a 1951, suka zauna a Yaba. A 1953 Roma ta yanke lardunan Sakkwato da Katsina ta danƙa musu, ƙarƙashin Fada Edward Lawton. Gusau ce ta zama matattararsu, domin nan jirgin ƙasa ke bi, kuma yawancin 'yan Katolikan wancan lokaci mutanen Kudu ne, ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa. A 1964 yankin ya zama cikakken dayosis, Lawton ya zama bishop na farko. Birnin Kebbi da Argungu suna cikin wannan dayosis na Sakkwato, wanda aka naɗa wa Bishop Matthew Hassan Kukah a 2011.

To, ga ƙaramar coci a tsakiyar daular Shehu Usmanu, amma ba ta da wanda zai iya buɗe littattafan da maƙwabtanta suke karantawa. Wannan giɓi aka turo Joseph Kenny ya cike. An haife shi a Shikago a watan Janairu na 1936, aka naɗa shi Fada a 1963, ya iso Nijeriya shekara guda bayan haka. Lokacin kuwa ya dace, domin babban taron bishop-bishop na duniya yana gudana a Vatican daga 1962 zuwa 1965. Ranar 28 ga Oktoba, 1965, taron ya fitar da takarda wadda ta bayyana cewa Coci tana duban Musulmi da idon girmamawa. Ta ambaci bautarsu ga Allah ɗaya, da darajar da suke ba Annabi Ibrahim da Annabi Isa da Nana Maryamu, da sallarsu da sadakarsu da azuminsu, ta kuma nemi ɓangarorin biyu su bar tsohuwar gaba. Ofishin da Vatican ta kafa don hulɗa da sauran addinai, daga baya ɗan Nijeriya ne, Kadinal Francis Arinze, ya shugabance shi daga 1984 zuwa 2002.

Kenny ya fara da Hausa, harshen kasuwa da zaure. Ya ga 1966 da idonsa, shekarar da aka kashe Sardauna, aka yi tarzoma, mutanen Kudu suka kwashe kayansu, coci-coci suka zama wayam, Bishop Lawton kuma ya rasu a ƙarshenta. Wani da sai ya ce ƙasar ta ishe shi. Shi kuwa sai ya ƙara nitsewa cikin karatu. Ya tafi Roma ya shiga cibiyar koyar da Larabci da ilimin Musulunci, ya zauna a Tunisiya don harshen ya zauna masa a baki, sannan ya wuce Jami'ar Edinbara a Sikotilan, wurin Farfesa Montgomery Watt, wanda ya shahara da littattafansa 2 kan rayuwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Makka da Madina. A 1970 ya kammala digirin digirgir.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu daɗe. Wa ya zaɓa ya yi bincike a kai? Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi, malamin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya, wanda ya rasu a 1490. Garinsu ɗaya, zamaninsu ɗaya da Shehu Magili, wanda ya zo Kano lokacin Sarki Muhammadu Rumfa. Shehu Sanusi ya rubuta aƙida hawa-hawa: babba, matsakaiciya, da ƙarama. Ƙaramar ita ce Ummul Barahin. Duk wanda ya yi zaman zaure a Gwandu ko Jega ko Sakkwato, bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya san ta ko ya ji ana biya ta. Fulani suna da karatun tauhidi da suke kira kabbe, a kanta aka gina shi. Kenny matsakaiciyar ya ɗauka, Aƙidatul Wusɗa, ya bi rubuce-rubucen hannu, ya fassara ta, ya kuma bi sharhin da Sanusi ya yi mata da kansa. Wato ya tambayi kansa, mutanen nan da nake zaune da su, wane littafi ne ya gina tunaninsu game da Allah? Da ya gano shi, sai ya tafi gare shi kai tsaye.

Me ke cikin wannan karatu? Shehu Sanusi yakan fara da raba hukuncin hankali gida uku. Akwai wajibi, abin da hankali ba zai karɓi rashinsa ba, kamar a ce biyu ta fi ɗaya yawa. Akwai mustahili, abin da hankali ba zai karɓi samuwarsa ba, kamar abu ɗaya ya zamana yana tafiya kuma yana tsaye cik a lokaci guda. Akwai ja'izi, abin da yiwuwarsa da rashin yiwuwarsa duk daidai ne, kamar gero ya yi kyau bana ko ya ƙi. A kan wannan harsashi ya jera siffofi 20 da suka wajaba ga Allah, daga samuwa da rashin farko da rashin ƙarshe da kaɗaituwa, zuwa iko da nufi da sani da rayuwa da ji da gani da zance. Kowace kuma da hujjarta. Duniya tana sauyawa, abin da ke sauyawa fararre ne, fararre kuwa ba ya farar da kansa, sai da Mai fararwa.

Ɗalibin Akwinas da ya karanta wannan ba zai ji baƙunta ba, domin shi ma malaminsa daga motsi da sababi yake kafa hujjar samuwar Allah, kuma dukansu biyu da ma'aunin manɗiƙi ɗaya suke awo, wanda aka gada daga Aristotal. Amma akwai inda suka rabu, kuma rabuwar ba ƙarama ba ce. A wurin Sanusi da sauran malaman mazhabarsa ta tauhidi, wato Ash'arawa, wuta ba ta ƙona abu da ƙarfin kanta, wuƙa ba ta yanka, abinci ba ya ƙosarwa. Allah ne ke halittar ƙuna da yanka da ƙoshi a daidai lokacin, bisa al'adar da Ya gudanar. Akwinas kuwa yana ganin Allah Ya ba halittu ƙarfin aiki na gaske, ko da yake daga gare Shi ƙarfin ya fito kuma Shi ke riƙe da shi. Haka nan Ash'arawa suna ganin hankali kaɗai ya isa ya tabbatar da cewa duniya tana da farko, Akwinas ya ce wannan sai ta hanyar wahayi ake saninsa. Kun ji irin saɓanin malamai. Ba a gano shi da ihu a bakin kasuwa, sai an zauna an buɗe littafi.

Mu tuna kuma cewa wannan fanni ya taɓa tayar da ƙura a ƙasarmu. A zamanin Shehu Usmanu, wasu ɗaliban ilimin kalamu sun riƙa tare talakawa suna yi musu tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa kawo hujja su kafirta shi. Shehu ya yi rubuce-rubuce da dama yana kwaɓarsu, yana kare imanin mutanen gari. Wanda bai san Sanusi ba, ba zai gane abin da ake jayayya a kai ba a wannan babi na tarihin jihadi.

Bayan ya dawo ya ƙara shekaru a Arewa, a 1979 Kenny ya koma Jami'ar Ibadan, sashen nazarin addinai, inda ya kai matsayin farfesa, ya yi ritaya a 2001. Ya koyar da tarihin Musulunci da falsafarsa ga ɗalibai Kirista da Musulmi, ya kuma koyar da matasan da ake horarwa su zama Fada, don kada a tura su gari irin namu ba su san bambancin farilla da nafila ba. A farkon shekarun 1980 ya buga littafi kan tarihin Katolika a Afirka daga 1445 zuwa 1850. Cikin wannan zango da littafin ya ƙunsa ne wasu Fada biyu 'yan ƙungiyar Faransiskan suka taso daga Tarabulus a 1710, suka ratso Fezzan da Agadas, ajali ya same su a Katsina a 1711. A 1996 ya rubuta maƙala kan shari'a da Kiristanci a Nijeriya, shekara 3 kafin a ƙaddamar da shari'a a Gusau. A 2000 ya fitar da littafi kan yaɗuwar Musulunci daga Afirka ta Arewa zuwa ta Yamma, daga ƙarni na 7 zuwa na 19, a 2003 kuma wani kan falsafar duniyar Musulmi. Da intanet ta zo, tsufa bai hana shi zama gaban kwamfuta ba. Ya jera ayyukan Akwinas da Latin da Turanci gefe da gefe, har da sharhohinsa na Littafi Mai Tsarki, ya sake su kyauta, ɗalibai a duniya suka yi ta ɗiba. Ya rasu ranar 28 ga Janairu, 2013, ranar da Katolika ke tunawa da Tomas Akwinas a kowace shekara.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Na san akwai mai saurare yanzu da ke cewa, Malam, ai biri ya yi kama da mutum. Ba don ya san inda zai soke mu ya yi wannan karatu ba? Tambaya ce mai kyau, ba kuma za mu kauce mata ba. Fada Kenny bai taɓa cewa shi Musulmi ba ne. Kirista ne mai wa'azin addininsa, kuma akwai abubuwa da dama a rubutunsa, musamman kan shari'a da siyasa, da malaman Musulunci ba za su yarda da su ba. Wannan haƙƙinsu ne, kuma ƙofar raddi a buɗe take. Abin da ke zuciya Allah kaɗai Ya sani. Amma aikin da ke kan takarda muna iya auna shi da tambayoyi uku. Shin mutumin ya koyi harshen littafin, ko da fassarar wani ya dogara? Shin in ya kawo ra'ayinka, za ka ji ka ce lalle haka na ce, ko ya murɗe shi don ya ji daɗin rushewa? Shin ya nuna inda ya ɗebo maganarsa don mai shakka ya je ya duba? Wanda ya cika ukun nan, ko kun saɓa, abokin tattaunawa ne. Wanda ya faɗi a kansu, ko addininku ɗaya, a yi hattara da shi.

Wannan ma'auni kuwa ba Turawa suka ƙago shi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa. Albiruni ya koyi harshen Sanskirit, ya zauna da malaman Hindu, ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen 1030, yana kawo aƙidarsu yadda su suke faɗinta. Shaharastani, wanda ya rasu a 1153, ya tsara littafin Milal wan Nihal kan addinai da ƙungiyoyi. Babu ɗayansu da imaninsa ya ragu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, haka aƙida, a bakin mai ita ake jin ta daidai.

Mu dubi namu na gida. Malam Abdullahin Gwandu, wanda ya rasu a 1829, ya bar mana tafsirin Liya'ut Tawili, da Kifaya wanda ya sauƙaƙa don masu ƙaramin ƙarfi. Amma ku duba, shi ɗin ne kuma ya tsara Baharul Muhiɗi a nahawu da Hisnur Rasin a sarfu. Ya san cewa wanda bai mallaki harshe ba bai isa ya taɓa nassi ba. Yau fa? Yaro ya ga guntun bidiyo na daƙiƙa 30 a WhatsApp, an yanke kai an yanke gindi, sai ya zama mai fatawa kan addinin maƙwabcinsa. Akwai mai wa'azi a coci da bai taɓa buɗe fassarar Alƙur'ani ba, amma yana da labari a kansa. Akwai mai wa'azi a masallaci da bai san yawan Linjila ba, amma yana da hukunci a kanta. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma yawancin rigimar da ke cin rayuka da dukiya a garuruwanmu daga irin wannan ji-ta-ji-ta take farawa.

Sai magana ta biyu, wadda ta fi ciwo. Mutum ya taso daga Shikago ya bi rubutun hannu na Shehu Sanusi layi-layi. Mu kuwa akwai gidajen malamai a Gwandu da Birnin Kebbi da Argungu da ke da tarin littattafan kakanni cikin gafaka da adudu, gara tana ci, damina tana jiƙawa, magada ba sa iya karantawa. Jama'a, wannan dukiya ce. Mai irin waɗannan takardu ya ɗaga su daga ƙasa, ya raba su da laima, kada ya liƙa musu salatif. Ya sa a ɗauki hoton kowane shafi, ko da wayar hannu ce. Ya nemi shawarar masana a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, ko Gidan Arewa a Kaduna, ko sassan Larabci da tarihi na jami'o'inmu. Ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga abin bincike nan a ƙofar gida. A samu cikinku masu haɗa Larabci da Turanci da Faransanci, a samu ma wanda zai ƙara da Ibrananci ko Girkanci, don in ana zancen littattafan addini a duniya a ji muryar Bakabe da Bagwande daga tushe.

Tarihinmu ya riga ya nuna mana amfanin tattaki. Kabawa da mutanen Sakkwato sun shafe kusan ƙarni guda ba sa ga maciji. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya tako zuwa Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da kamun kifi a kogin Matan Fada, abin da ya zama bikin kamun kifin da duniya ke zuwa kallo. Babu wanda ya bar sarautarsa, babu wanda ya sauya asalinsa. Zuwa aka yi, aka ga juna.

Don haka ga aikin gida na wannan mako. In kana da maƙwabci ko abokin aiki a sakatariya ko kasuwa wanda addininku ya bambanta, kuma akwai abin da aka daɗe ana faɗa maka game da addininsa, je ka tambaye shi cikin ladabi, ka bar shi ya kai aya kafin ka ce uffan. In abin ya fi ƙarfinsa, ya kai ka wurin malaminsa ko Fadansa. In saƙo ya shigo wayarka yana zagin wani addini, kada ka tura sai ka san littafin da aka ciro shi da shafin. Iyaye kuma, yaron da kuka ga yana da kan harsuna, ku tsaya masa ya yi nisa, domin irinsu ne gobe za su yi magana da yawunmu.

Nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. Mai tambaya ko ƙarin bayani ko gyara, ƙofarmu a buɗe take, za mu karanta saƙonninku a shiri na gaba. A madadin wanda ya haɗa mana sauti da sauran abokan aiki, nake cewa Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya zaunar da Jihar Kebbi da Nijeriya lafiya.  

(Taken rufe shiri)